Kunnen Muzammilu

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wanda ya ce mini in sassauta. Ni na goye shi, ni na san irin wautar da ke cikin kansa tun bai yi haƙori ba.

Muzammilu bakaniken injin jirgi ne a bakin ruwan Lolo, can inda ƙasar Bagudo take ƙarewa Benin ta fara. In za a faɗi gaskiya, an yi zamanin da babu kamarsa. Allah ya ba shi kunne. Jirgi na tsakiyar gulbi bai ma doso gaɓa ba, sai ya ɗago kai ya ce, "Wancan fulogi ne," ko "Wancan ruwa ya shiga mai." A buɗe, a tarar haka ne. Dandawan Benin daga tsallake sukan ɗauko inji su wuce bakanike uku su kawo masa. Ni kaina na yi alfahari da shi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Amma tun yana yaro yana da kwaɗayin kiɗa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a yana saurayi, yana da wata rediyo mai kaset da ke ihu a rumfarsa tun safe. Dattawa suka zo suka yi masa magana sau biyu, a na uku ya kashe ta. Kada ku ce shiryuwa ya yi. Iyafis ya samo, abin jin kiɗa na sa wa a kunne, irin na kasuwa da ke lalacewa cikin sati. Ya toshe kunne, ya riƙe carbi, yana gyaɗa kai a hankali. Masu wucewa su ce, "Masha Allah, yaron ga ya kama karatu." Karatun uwar wa? Gangunan mutanen Kwatano ne, ni na sani.

Haka ya yi shekara da shekaru, har wani direban da ke zuwa Kwatano ya nuna masa wanda ya kira iyafis na manya. Muzammilu ya saurara sau ɗaya, ya je ya sayar da babur ɗinsa. Babur sukutum! Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu ya koma tafiya a ƙasa saboda abin da bai kai ƙwallon dabino ba.

Ranar da abin ya iso, har gida ya zo ya nuna mini. Ina gaban banda, hayaƙin kifi na cin idona, ya buɗe ɗan akwati kamar wanda zai fito da zinariya. Wayar an kitsa ta kamar gashin yarinya, kan nasa garau, ana hango tarkacen ciki.

"Yaya Safina, kowane kunne lasifika huɗu ne a ciki," in ji shi. "Ɗaya ta ganga, ɗaya ta murya, biyu na siraran ƙara. In na sa shi, har numfashin mawaƙi nike ji."

Na ce, "To ka ji numfashin nashi, sai ka yi mi da shi?"

Bai ma ji ni ba. Ya zazzage 'yan robobin da ake sa wa a bakin abin, ƙanana da matsakaita da manya, da wasu na soso masu lotsewa. Ya zauna yana yi mini darasi. Wai duk tsadar iyafis, in bai toshe ramin kunne ruf ba, banza ne, gangar zurarewa take yi. Wai ya gano kunnensa na dama ya fi na hagu faɗi, saboda haka babba a dama, matsakaici a hagu. Shekara arba'in da haihuwa, babban binciken da ƙanena ya yi a duniya ke nan.

Da kun ga yadda yake sa shi! Ya murza soson da yatsa, ya zagayo da hannu ta bayan ƙeya ya ja kunnen sama, ya wangale baki kamar tarwaɗa a kan tire, ya cusa, ya tsaya ƙiƙam har soson ya kumbura. Daga nan ba ya tauna komai, don wai motsin muƙamuƙi na sassauta shi. Ba ya shiga rana, don wai gumi na sa shi zamewa. Bakaniken jirgi da ba ya shiga rana! Ya daina sauka gaɓa. In injinka ya sami matsala, cewa zai yi ka tayar da shi, ka ɗauki ƙarar a waya ka kawo masa. Yana zaune a inuwa, ido rufe, yana duba inji kamar boka. Ya ce yanzu ne ma yake jin abin da da can ba ya ji.

Mu kuma inji ɗaya gare mu. Maigidana, Malam Na'Allah, shekara ashirin yana riƙe da kan jirginsa, yana ɗaukar mutane da kaya ranakun kasuwa, da shi muke ci, da shi nake kai bandana. Wata Laraba ya dawo fuska ba daɗi, ya ce yana jin wani ɗan abu a cikin injin, siriri, kamar ana taɓa kwano da cokali. Shi ba mai yawan magana ba ne, kuma yana jin nauyin surukinsa. Ni na yafa mayafi na tafi.

"Tashi mu je gaɓa," na ce wa Muzammilu.

Ya zare na hagu kaɗai. "Yaya, da wanga zafi? Ki ce ma Malam Na'Allah shi ɗauko ƙarar. Ai duk ɗaya ne, ya ma fi."

Wallahi a nan ya kamata in kama kwalarsa in ja shi har bakin ruwa. Ban yi ba, kuma wannan laifina ne, ina ɗauke da shi har yau. Na koma, maigida ya tayar da inji ya ɗauka, na sake tako rana na kawo wayar.

Ya yi murze-murzensa, ya wangale baki, ya cusa. Ya lumshe ido. Sai ga murmushi, irin wanda yake yi in ganga ta yi masa daɗi.

"Kai! Ji yadda shike numfashi, dum-dum-dum, cike da ƙirji. Yaya, wanga inji ya fi ni lafiya. Ku yi lodi."

Muka yi lodi. Buhunan shinkafa, kwandunan kifina, mata tara da goyonsu. Ina tsaye a gaɓa jirgin ya kai tsakiyar ruwa, sai na ji wata ƙara kamar an yar da tukunyar ƙarfe, hayaƙi ya tashi, shiru. Ruwa ya juya jirgin ya fara tafiya da shi. Matan suna salati, ni ina gudu a bakin gaɓa ina ihu kamar mahaukaciya, zanena na kwancewa. Sai da suka zubar da rabin kaya kafin jirgin Hassan, wani maƙwabcinmu, ya cim musu ya jawo su. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Injin kuwa fistin, ƙarfen da ke bugawa a cikinsa, ya farfashe, ya tsaga gidansa. Wani bakanike daga Yawuri ya duba sau ɗaya ya ce sai dai 'yan gwangwan.

Washegari na je rumfar da wayar maigida a hannuna. Ban yi sallama ba. Na finciko wayar iyafis ɗin daga kunnuwansa, na ajiye tamu a kan benci, na kunna wannan ƙarar dai da ya saurara, ta 'yar lasifikar waya da ta sha faɗuwa a ruwa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ga shi nan a fili, a saman rurin injin. Kubura mai fura da ke zaune a gefe ta juyo ta ce, "Mi ke bugawa hakanan?" Mai fura ta ji!

Na ga fuskarsa ta canza. Ya sani. Daƙiƙa biyu kacal ya saurara ya san ko mene ne, leɓensa har ya motsa zai faɗi sunan abin. Na rantse saura kaɗan tausayinsa ya kama ni, don na ga ƙanena na da ya leƙo.

Sai ya sunkuya ya tsinci iyafis ɗin daga ƙasa, ya hure masa ƙura, ya juya shi a tafin hannu.

"Soson ne, Yaya," ya ce. "Shina ƙara ganga, amma shina danne siririyar ƙara. Da na roba na sa, matsakaici, da na ji shi."

Na dube shi na dube shi. Na tofar da yawu a gaban rumfar, na ɗauki wayarmu na fita.

Yanzu ba mai kawo masa inji, sai faci da 'yan ƙananan gyare-gyare. An ce ya koma sa na roba. Maigidana kuwa kullum da safe yana ɗaukar ɗan kwanonsa ya sauka gaɓa. Jirgin Hassan yake bi, yana zaune a tsakiya cikin fasinja da furfurarsa, yana kwashe ruwan da ke shigowa ta ƙasa.