Saura mutum ɗaya

Shekarun baya na kai yayana likita a Yamai. Ya daɗe yana aikin ramin ma'adinai a arewa, har ya zama shef, mutum tara a ƙarƙashinsa. Ya dawo Dakoro da ƙarfinsa, daga baya kai ya fara ruɗewa. Sunan matarsa ma yakan ɓace mashi. Ni ƙanensa, wata rana ya dube ni kamar mai tallan goro.

Ranar da za mu shiga mota, matarsa ta riƙe mani hannun riga. Ta ce, "Don Allah kada ka sake shi." Na ce na ji.

Lokotoro, wato likitan, ya ce mu dawo da la'asar. Mai masaukinmu ya ce mu je muze kafin nan. Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba, na ɗauka wani biro ne na ma'aikatan gwamnati. Ashe gidan ajiye kayan mutanen da ne, har da namun daji. Na tsaya gaban wani sirdin raƙumi irin na kakanmu, ƙato da ni, baki buɗe. Da na juya, babu Yaya.

Ba shi da waya, bai san unguwar da muka sauka ba, ƙofar muzen kuma titi take kallo. Na leƙa wajen kuraye, na leƙa bayan ɗakuna, na fita titi na dawo. Farar riga ce a jikinsa, duk farar riga sai in bi ta. Ina tafiya ina shirya abin da zan faɗa wa matarsa, ban samu ko kalma ɗaya ba.

Can wani gardi ya yafito ni. "Malam, tsohon nan naka ne? Za mu rufe ɗaki mu je salla, ya ƙi fita."

Ɗakin ma'adinai ne. Duwatsu cikin gilashi, hotunan rami, hular ƙarfe mai fitila a goshi. Yaya na tsaye daga ciki, ya tokare ƙofa da hannu.

Gardin ya ce, "Wai shef ba ya hawowa sai ya ƙirga mutanensa. Wai saura mutum ɗaya a ƙasa."

Na matsa kusa na ce, "Yaya, ga ni."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dafa mani kafaɗa. "Tara," in ji shi. "Kullum kai ne na baya." Sannan ya juya wajen gardi. "Sun cika. Rufe."

Ya rasu tuni. Ban sani ba ko ni ya gane ran nan, ko wani malalacin abokin aikinsa. Ban damu ba. Ni aka ba amanarsa, da hankalina garau, na sake shi saboda sirdi. Shi da sunana ya ɓace mashi bai yarda a rufe ƙofa babu ni ba. Har yau ko daga gona muka tashi, sai na tsaya na ƙirga mutane. Suna dariya, ina ƙirgawa.