Gajerun Bishiyoyin Hiruli

A ƙauyenmu na tsaunukan Kumaon ba a tambayar amarya ko ta iya girki. Lauje ake miƙa mata, a nuna mata bishiyar banj, a ja baya ana kallo. Ganyen banj ne abincin ɓaunayenmu duk lokacin sanyi, ganye kuwa a sama yake. Matar da ba ta hawa, har jikokinta sai sun sha gori.

Hiruli kuwa ko kan turmi ta tsaya sai jiri ya ɗebe ta. Ni kaɗai na sani, don kwana uku da kawo ta na tarar da ita rungume da gindin bishiya tana sharɓar kuka.

"Yaya Basanti, ki rufa min asiri," ta ce. "In surukata ta ji, kashina ya bushe."

"Ke da aka auro daga ƙolin dutse? To da rarrafe kika sauko?"

Muka shirya: kullum mu nausa nesa da sauran mata, ni in hau in yanka na mutum biyu, ita ta ɗaure ta ɗauko. Haka muka yi ta yi har ƙafafuna suka koma na biri.

A shekararta ta uku kwamitin daji ya ce za a raya gangaren da ya zama fako. Shugabansa Dungar Singh, tsohon soja, ya kawo dashe daga can kwari, ya jera su kamar fareti, taki ɗaya tsakani, wai su yi ta cunkoso su miƙe sambal a samu itacen rufi. Hiruli ta roƙi gefe guda. Ta tafi ganin gida, ta dawo da 'ya'yan banj cike da mayafi, na wata tsohuwar bishiya mai baje rassa da ke bayan gidan mahaifinta. Da igiyar ɗaure ɓauna ta auna tazara, tsawon igiya biyu tsakanin rami da rami.

Dungar ya tsaya riƙe da ƙugu. "Yarinya, daji kike shukawa ko filin ƙwallo?"

"Baba Soja, ai bishiya ma tana son miƙe hannu."

Sanyin farko ya ƙone rabin dashen Dungar, don 'yan kwari ba su san ƙanƙara ba. Waɗanda suka tsira suka zabura sama kamar gora, ganye sai can ƙoli. Na Hiruli kuwa a cikin ƙanƙara aka haifi uwarsu. Ba su yi sauri ba, amma da suka sami fili sai suka yi ta buɗa rassa ƙasa-ƙasa. Har ma'aikatan daji suka zo da littafi suna tambayarta ina ta koyi ilimin iri da tazara. Ta sha mur ta ce gado ne. Sai da na cusa mayafi a baki don kar dariya ta tona mu.

Bara gwiwata ta ce ta gaji. Na kama reshen farko na kasa ɗaga ƙafa. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da asirin nan, ga shi zai zube saboda ni. Tsoro ya kama ni sosai.

Hiruli ta ja hannuna zuwa gangarenta. Ta zaunar da ni, ta miƙo min shayi da mazarƙwaila. Tana tsaye, ƙafa biyu a ƙasa, ta riƙa sauke ganye da lauje har ya tasa kayan mutum biyu.

"Matsoraciyar banza," na ce, "ashe duk wannan daji don kar ki hau ne!"

"Rabi don haka ne," ta ce. "Rabin kuma na san wata rana za ki sauko, Yaya."

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Kayan ma ita ta ɗauka, don ni ban taɓa koyon ɗauka ba.