Gayya a Lambun 'Yan Aji Shida

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, kuɗin hawa keken haya ya tashi, mutane suka koma tafiya a ƙasa, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ita ce kuma shekarar 'yata ta ƙarshe a firamare. Makaranta ɗaya muke zuwa a Kurmin Mashi, su da safe, mu manya bayan la'asar, a kan bencin da suka tashi suka bari. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur, sai dai in zauna a karkace.

Ni tela ne, shagona yana Doka. Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta.

Zangon karatu na uku shi ne na damina, kuma shi ne zangon da makarantar ba ta zama lafiya. Yau kacici-kacici, gobe muhawara, jibi ana koyon rawar gargajiya a filin ƙwallo, duk saboda ranar rabon kyaututtuka da ake rufe shekara da ita. Tun da Uwata ta shiga makarantar ba a taɓa kiran sunanta a wannan rana ba. Tana ƙoƙari, amma bakinta da nauyi. An taɓa sa ta a muhawara, ta miƙe, ta yi sallama, ta koma ta zauna.

A wannan zangon aka ƙara gasar lambu. Aka yanka wa kowane aji fili a bayan azuzuwa, jikin katanga, aka ce ajin da lambunsa ya fi kyau, shugaban lambun ne zai hau dandamali da kwandon abin da suka noma. 'Yan aji shida suka zaɓi Uwata. Sharaɗi ɗaya hedimasta ya kafa: kada hannun babba ya taɓa.

Sauran azuzuwa suka shuka masara da kuɓewa da gyaɗa. Malamar su Uwata ita kuma ta kawo irin karas da na tattasai. Maimakon su ja kunyoyi, fangali suka yi, wato ƙasa shimfiɗaɗɗiya, suka yafa irin, suka rufe da busasshiyar ciyawa don kada ruwan sama ya kwashe shi. Wannan bayani daga baya na fahimce shi. A lokacin abin da idona yake gani ta tagar ajinmu shi ne masarar 'yan aji biyar ta kai gwiwa, wurin 'yata kuwa kamar inda aka zubar da shara.

A ƙauye na tashi, na riƙe fartanya kafin in riƙe almakashi. Hannuna ya riƙa yi mini ƙaiƙayi.

"Uwata, anya wani abu zai fito a wurin nan?" na tambaye ta muna cin tuwo.

"Ya fara fitowa, Baba. Sai an durƙusa ake gani."

"Ki bari in ɗan leƙa, ko ciyawar nan in janye."

"Baba, don Allah ko kusa kada ka je. In aka gan ka a wurin an cire mu. Ka ce ka yi alkawari."

Na yi alkawari, kuma ban je ba. Sai dai bakina bai yi shiru ba. A ajinmu akwai wani mahauci, da wani direban keke, da wani dattijo mai gadin wani gida a Unguwar Rimi, wanda ya yi rabin rayuwarsa a gona. Kullum muka zauna sai na nuna musu wurin ta taga. Malaminmu yana rubuta harafi a allo, ni ina lissafin ranar da alƙalai za su zagaya.

"Malam tela, allo yana nan gaba, ba a taga yake ba," in ji malamin.

"Rabu da shi, Malam," mahauci ya ce. "Gonar gado yake dubawa. Bana sai mun ari buhu."

Dattijo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon wurin, ya girgiza kai. "'Ya'yan birni ke nan. Ƙasa mai kyau haka, a bar ta kwance ba huɗa."

Sai ɗinkin Babbar Sallah ya taso. Ga kayan mutane jibge, ga rigunan 'yan rawa da makarantar ta ba ni. Na daina zuwa aji na ɗan lokaci. Ina taka keken ɗinki, hankalina yana bayan azuzuwa. Hadari ya haɗo in fito bakin shago in duba sama, in koma, in sake fitowa. Sau biyu ina ɗinka hannun riga a baibai.

Wata Asabar da hantsi sai ga 'yan ajinmu su uku a ƙofar shago, ƙafafu duk taɓo, dattijo da garma a kafaɗa.

"Maigona, ina kunun gayya?" mahauci ya ce. "Ko a Doka ba a san ana ciyar da 'yan gayya ba?"

"Wace gayya?"

"Ta gonar 'yarka mana. Mun ga ɗinki ya riƙe ka, kai kuma ka ƙi barci a kanta. Ta inda katanga ta faɗi muka shiga."

"Mun kwashe sharar nan tas," in ji direba. "Baba ya ja kunya kamar da igiya. Har wake muka zuba."

Abin da ake yi wa ɗan'uwa a garinmu suka yi mini: in aiki ya fi ƙarfin mutum, a taru a yi masa ba sai ya roƙa ba. Na aika aka sayo musu kunu, suka sha, na rufe shago muka kama hanya.

Kunyoyin sun yi kyau, wannan gaskiya ce. Na wuce su na je inda suka tara ciyawar a gindin katanga, na durƙusa na buɗa. Ga su nan birjik, siraran tsirrai kamar zaren ɗinki, kowanne da 'yar jar saiwa, rana ta riga ta kwantar da su. Dattijo ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan ba ciyawa ba ce?"

"Karas ne, Baba."

"Innalillahi," ya ce, ya zauna a kan kunyar da ya ja.

Ni na gaya wa Uwata da kaina, don kada ta je ranar Litinin ta tarar. Ta saurara har na gama. Tambaya ɗaya ta yi: "Har da tattasan?" Na ce har da shi. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida da aka riga aka share.

Ranar Litinin mu huɗu muka je wurin hedimasta. Dattijo ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ranka ya daɗe, laifinmu ne, yarinya ba ta sani ba. A bar su su sake shukawa, mu ko inuwarmu ba za a sake gani a wurin ba."

Hedimasta ya ba shi kujera, ya ce ya san da alheri suka yi. Amma ko an sake shuka karas ba zai kai ranar ba, kunyoyin kuwa duk wanda ya kalla ya san ba hannun yara ba ne. In ya bar su a gasa, gobe kowane uba zai zo da garmarsa. Ya ce yara su ci gaba da kula da waken, su raba in ya yi, amma aji shida ya fita.

Na koma aji bayan Sallah, na sauya wurin zama zuwa jikin bango. Waken ya yi yabanya, Uwata ta ci gaba da kai 'yan ajinsu suna cire masa ciyawa har aka yi hutu.

Ranar rabon kyaututtuka na je. Rigunan da na ɗinka suka yi rawa a fili, aka tafa. Wani yaro ɗan aji huɗu ya hau dandamali da kwandon kuɓewa, yana ta gyara wando. Uwata tana layin baya cikin 'yan ajinsu, ta tafa masa har ya sauko. Da aka tashi ba ta jira ni ba, ta bi ƙawayenta.

Abin da ya tafi a gayyar nan: fangali uku na karas, ɗaya na tattasai, ƙananan zogale biyu da suka dasa a gefe, da zangon ƙarshe na Uwata a firamare.