Tunda Ba Karaya Ba Ce

A gidanmu ciwon ƙafa iri biyu ne kacal: ko karaya, ko targaɗe. In karaya ce a kai ka wurin mai ɗori. In targaɗe ne a tafasa ruwa, a gasa wurin da tsumma, a ja, a shafa man kaɗe, ka tashi ka kama harkarka. Da wannan ilimin yayana ya baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna, da shi ya sauka birnin Greensboro can ƙasar Turawa, kuma shekarun da ya kwashe yana aiki a wani katafaren sito a titin Wendover ba su ƙara masa na uku ba.

Ni karatu ya kawo ni. Na sauka a gidansa, muna kwana ɗaki ɗaya da 'yarsa, yarinya mai shekara sha huɗu, doguwa siririya, ba abin da ta sani sai ƙwallo. Ni da na tashi ina ganin ƙwallo wasan maza ne, sai ga ni duk Asabar a bakin fili ina ihu har muryata ta dishe. Kocinsu ya ce idan ta ci gaba haka, jami'o'i da kansu za su zo nemanta. Uban kan taɓe baki ya ce shirme ne, amma duk wanda ya zauna kusa da shi a coci bayan sujada sai ya kalli bidiyonta a wayarsa, ko yana so ko ba ya so.

Ranar da ta faɗi, babu wanda ya taɓa ta. Juyawa ta yi za ta bi ƙwallo, ƙafar dama ta kafe a ƙasa, jikin ya tafi ya bar ta. Kafin mu isa gida gwiwar ta kumbura, ta ƙi miƙewa.

Da safe yayana ya ɗauke mu zuwa wani ƙaramin asibiti. A mota ya leƙo ta madubi ya ce, "Kin ji ko? Ban da raki a gaban mutane. Mu ba a san mu da shi ba."

Na ce, "Yaya, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Asibiti fa za mu."

Ya yi kamar bai ji ba.

Likitan da ya gan mu yana sauri. Ya ɗan danna gwiwar da yatsa, ya tambaye ta ko tana ciwo sosai. Ina kallonta ta ɗaga ido ta dubi ubanta, sannan ta ce kaɗan ne. Likitan ya yi murmushi, ya ce jaruma ce, yara irinta ba sa daɗewa suke warkewa. Wannan "irinta" ya tsaya min a rai, amma a lokacin na ɗauke shi yabo. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, ta huta ta riƙa ɗora ƙanƙara.

Yayana ya ɗaga hannu sama. "Godiya ga Ubangiji! Targaɗe ne. Targaɗe kuwa mun san maganinsa."

Akwai wata dattijuwa a cocinmu, mutuniyar Filato, kowa Mama yake ce mata. Mahaifinta mai ɗori ne, ta tashi tana riƙe masa ƙafafun mutane. Ba ta karɓar ko sisi, kuma ban taɓa ganin mai son yara kamarta ba. Duk Lahadi bayan sujada sai mu bi ta gidanta a East Greensboro. Ta tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta gasa gwiwar har fata ta yi ja. Sai ta ɗora diddigen yarinyar a cinyarta, ta yi addu'a, ta danna gwiwar da tafin hannu don ta miƙe. Yarinyar takan cusa fuska cikin matashin kujera. Ba ta taɓa yin ihu ba, sai dai ka ga gumi yana bin wuyanta.

Ran nan na kasa jurewa na ce, "Mama, wannan jan ba zai ƙara ɓata wani abu a ciki ba?"

Ta ce, "Haba 'yata. Jijiya ce ta hau kan 'yar'uwarta. In ba a ja ba, haka za ta sandare. Hannun nan ya miƙar da ƙafafun da suka fi wannan."

Yayana ya ɗora da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A mota ya ƙara min da cewa digirin da nake yi ba na likita ba ne.

Ana cikin haka wata ƙawarta a ƙungiyar, Baturiya daga Pleasant Garden, ita ma ta yi irin wannan faɗuwar. Na haɗu da uwar a bakin fili, 'yarta na zaune da sanduna da ƙafa a ɗaure. Ta tambaye ni ko an yi wa tamu sikan. Na ce an ɗauki hoto, babu karaya. Ta ce ba shi take nufi ba. Hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa, akwai wata na'ura da ke ganin nama da guringuntsi. Ita 'yarta tun zuwan farko likita ya tura su can, aka ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ya yage, aka ɗinke shi tun bai lalace ba. Ta ce abin yana da lokacinsa, in an bari ya wuce ba ya ɗinkuwa.

Na koma gida kamar zan tashi sama. Yayana ya saurare ni yana cin tuwo, ya ce, "'Ya'yansu ba irin namu ba ne. Su ƙaya ta soke su sai tiyata. Namu Allah ya yi su da ƙwari."

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau. Likitan da bai san ta ba da uban da ya haife ta, ba su taɓa zama sun yi shawara ba, amma bakinsu ya zo ɗaya: baƙar yarinya tana da ƙwari, za ta jure. Ita kuwa ta ji su duka biyun, ta jure ɗin.

Kumburin ya ɗan saɓe, ta koma atisaye tana ɓoye ɗingishi. Haka muka ci lokacin sanyi gaba ɗaya. Wata rana tana hawa matakalar gidanmu da kwandon wanki, gwiwar ta kulle, ta zube a wurin ta kasa tashi. Uwarta ce ta tarar da ita da ta dawo daga aiki. Matar yayana mace ce mai shiru, ban taɓa jin ta musa wa mijinta ba. Ranar makullin mota kawai ta ɗauka ta miƙo min.

Ko da muka isa asibiti sai da aka so a sake sallamar mu da maganin ciwo da shawarar a jira. Na kafe. Na maimaita duk abin da Baturiyar nan ta faɗa min, na ce ba inda za mu sai an rubuta sikan. Aka rubuta. Ashe roƙo ne ban iya ba, su kuma ba sa bayarwa sai an san sunan abin da ake roƙo.

Likitar tiyatar mace ce, ta zaunar da mu duka har da yayana. Ta ɗauko gwiwar roba ta nuna mana inda guringuntsin yake, kamar ɗan matashi tsakanin ƙashi da ƙashi. Ta ce daga gani yagewar farko a wurin da ke ɗinkuwa take, amma an daɗe ana takawa a kai, ya dagargaje. Za ta gwada, ba ta yi alkawari ba. Da muka fito ta riƙe ni a ƙofa, ta ce abin yana damunta: sau da yawa yara baƙar fata da 'ya'yan baƙi sai a makare suke isowa hannunta, lokacin da ɗinki ya wuce sai yanka.

Yankan aka yi. Ta fito ta ce ta cire mafi yawansa. Yarinyar za ta yi tafiya, za ta yi rayuwarta, amma ƙwallo irin wadda take bugawa ƙashi zai riƙa gugar ƙashi. Gwiwar za ta riga ta tsufa.

Yayana ya miƙe tsaye, hularsa a hannu. "Likita, jan da muka yi ne?"

Ta ce ba za ta iya cewa ga abu ɗaya ba, jinkirin ne babba. Ya koma ya zauna. Na yi wata da watanni ina tara maganganun da zan yaɓa masa a wannan rana, amma da na ga yadda ya sunkuyar da kai, sai na haɗiye su duka. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Mama ta zo dubiya da kunun gyaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, sai da yarinyar ta kira ta sannan ta shigo.

Ni nake kai yarinyar wurin likitocin motsa jiki. Wata rana muna dawowa cunkoso ya tsare mu a Wendover, tana kallon wayarta. Ƙawar tata ce ta turo bidiyo, ta koma fili, har ta ci ƙwallo. Ta kalla har ƙarshe, ta rubuta mata barka, ta kife wayar a cinya.

"Gwaggo," ta ce, "da ni Baturiya ce, da an ɗinke min?"

Na so in ce a'a. Na so in ce nufin Allah ne, kamar yadda kowa a coci yake faɗa mata. Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Ina jin da an duba da kyau tun farko."

Ta gyaɗa kai. Motoci suka fara motsi. Ta kai hannu tana murza gwiwar a hankali.

Na ce, "Tana ciwo ne?"

Ta ce, "Kullum. Amma don Allah kada ki gaya wa Baba. Ba ki ga ya daina cin abinci ba?"