Lodin da Yaya Bai Sauke Ba

Mijin yayata ba ya zama a kujera sai ya zagaya ta, ya ɗan bugi ƙafarta da kan takalminsa. Haka ya saba yi wa tayoyin tirela kafin ya kama hanya. Tuƙin ya bar shi, amma ƙafar ba ta manta ba. Ni Yaya nake ce masa, 'yan unguwa kuma Sai-a-hankali.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Na kusa yana gani, na nesa sai dishi-dishi. Daga ƙarshe aka ƙi sabunta masa lasin. Ya koma zaman ƙofar gida. In babbar mota ta wuce, sai ka ga hannunsa yana laluben giya a iska.

'Yarsa ta fari, mai aiki a kantin magani, ita ta nuna masa wani wasa a waya, inda ake tuƙa tirela a kwamfuta, a ɗauki lodi daga wannan gari zuwa wancan. Ya kusanto da wayar hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan direban bai iya ribas ba," in ji shi. "Nawa motar?"

"Baba, ba mota ake saya ba, kwamfuta ake haɗawa. Kuma abin hannunmu bai taka kara ya karya ba."

"Haɗawa? Ai da haɗe-haɗe na ciyar da ku."

Ni na raka su shagon kwamfuta, wani ɗan ɗaki mai ƙurar fanka da wayoyi rataye. Kafin 'yar ta gama gaisawa, Yaya ya rungumi akwatin kwamfutar da ya fi kowanne girma.

"Baba, akwati ba ya gudu fa."

"Mota daga bodi ake gane ta."

Aka bar masa. Allon ciki da ƙwaƙwalwar na'urar duk na hannu aka ɗauka. Kowace fanka sai ya sa an kunna, ya kara kunne kamar mai sauraren inji. Da aka zo kan na'urar da ke rarraba wuta, mai shago ya miƙo wata tsohuwa mai araha. Yaya ya tambayi abin da zai faru in ta lalace. Aka ce tana iya ƙona sauran.

"To ita ce birki. Birki ba a sayen kwance. Kawo sabuwa."

Babban akwati da sabuwar na'ura sun cinye aljihu. Abin da ya rage ba zai sayi abu biyu ba: ko katin hoto mai ƙarfi, ko ƙaramin kati da sitiyarin wasa mai totur da birki.

"Baba, saboda idonka nake so hoton ya fito tar," in ji 'yar. "Sitiyari ya jira. Kawu, sa baki mana."

Ban sa ba. Na ga tun ɗazu hannunsa yana kan sitiyarin.

A ɗakin baya aka kafa kwamfutar, allon dab da fuskarsa. Ƙaramin katin yana ƙoƙari, sai dai in aka fara ruwan sama a cikin wasan, hoton ya riƙa tsinkewa. 'Yar ta ce, "Ka gani ko?" Ya ce, "Wane mahaukaci ne ke gudu a cikin ruwa?" Ya rage giya abinsa.

Bai taɓa shan kwana babu sigina ba. Yayata takan leƙo ta ce abinci na hucewa.

"Ina kan gada."

"Oh ni! Da ina jiranka daga hanya, yanzu kana ɗaki ma jiran ne?"

Tana faɗa tana murmushi. Ta lura ya daina zaman ƙofar gida.

Wata rana da yamma na same shi ya ɗauko katako zuwa wani gari mai nisa. Muna hira sai ya sa sigina, ya gangara gefen titi a hankali. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji.

"Lafiya, Yaya?"

"Direba in ya ji jikinsa, fakin yake yi. Gobe na ƙarasa. Ni ban taɓa barin kayan mutane a hanya ba."

Washegari asibiti muka kai shi. Daga can aka yi masa kiran da ba a cewa sai gobe.

Kwanaki 'yar ta kunna kwamfutar ta kira ni. Tirelar na nan gefen titi, katakon a ɗaure.

"Kawu, ko za ka ƙarasa masa?"

Na ce ni ko keke sai an riƙe mini.

Yanzu in ta taso daga aiki takan shiga ɗakin. Ta buɗe wasa nata daban, da ƙaramar mota, tana koyon ribas. Ta ce sai hannunta ya faɗa, don Baba ba ya son a gogar masa bodi. Tasa tana inda ya ajiye ta.