Yadda Na Kife Tukunyar Mahaifiyata Da Hannuna

Ina da shekara ashirin da bakwai lokacin da na sauka Kano da digiri a fannin kimiyyar abinci, da jaka ɗaya, da rabin buhu na daddawar batso da na ɗauko daga gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Yau shekaruna hamsin, ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Na rubuto wa wannan mujalla ne domin abin ya daɗe yana cina, kuma ba ni da wanda za ni iya faɗa wa shi ido da ido ban sunkuyar da kai ba. A wancan lokaci ni mutum ne mai gaggawa, mai ganin duk abin da ba a rubuta a takarda ba jahilci ne da ke jiran ɗan boko ya zo ya cece shi.

Batso daddawa ce da ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, wadda mu muke kira sure. Mata da yawa a yankinmu suna yin ta, amma ta mahaifiyata daban ce. Ba ta ɗaci, ba ta lalacewa da damina, kuma ɗan ƙanƙanin gutsure ya ishi tukunyar miyar gida guda. Daga Turba da Tsamaye ake aikowa, matan Filani su kawo nono su karɓa, fatake daga ƙetaren iyaka su jira ta bushe. Da ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da ita na yi jami'ar da nake taƙama da ita. Sirrin yana cikin irin tokar da take tacewa, da yawan kwanakin da take barin ta a rufe, da yadda take gane ta nuna. Daga mahaifiyarta ta gada, kuma a gidansu ɗiya ake koya wa, ba a nuna wa bare.

Na kama ɗan shago a gefen wata kasuwa, ina niƙa daddawar ta zama gari, ina ɗurawa a leda, ina liƙe bakin da wutar kyandir. Shekara guda na yi ina yawo da ita daga kanti zuwa kanti har dugadugan takalmina suka cinye. Masu kanti su sunsuna, su yaba, sannan su tambaye ni lambar hukuma. Wata mai sayar da abinci ta taɓa yi mini dariya a gaban masu cin tuwonta, ta ce ashe sai an yi digiri ake tallar abin da kakarta ke sayarwa a faifai. A cikin wannan hali na haɗu da wani Alhaji mai ƙaramar masana'antar yaji da kayan miya. Ya sa aka yi masa miyar kuka da daddawar, ya ci, ya suɗe hannu, ya ce shi da ni Bagobiri ɗan boko mun zama ɗaya: shi ya kawo inji da lamba, ni in kawo sani. Sharaɗinsa guda ne, wai hukuma ba ta ba da lamba sai an rubuta yadda ake yin abu tun daga wanki har shanya, don haka sai ma'aikaciyarsa ta je ta gani da idonta.

A nan laifina yake, kuma ina roƙon mai karatu ya lura. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. In na shigo gida sai ta kau da kai, ta ce wa ƙanwata a gaya wa yaron nan tuwonsa na ɗaki. Ƙanwar mahaifiyata ce ta raine ni, ita nake kira Inna, ta bakinta kowace magana ke bi tsakaninmu. Na je gida na faɗa wa Inna buƙatata. Washegari ta dawo mini da amsa, ta ce yayarta ta ce baƙo tuwo ake ba shi, ba a ba shi murhu. Na gane sarai. Babu Bagobirin da zai ji wannan magana bai san an ce masa a'a ba. Amma sai na gyara zama na ce wa Inna ni ban ji an hana ni ba, in dai hanawa ce to ta fito ta faɗa mini da bakinta. Na san ba za ta iya ba, shi ya sa na faɗa. Inna ta ce ashe abin da aka koya mini a jami'a ke nan, in ɗaure uwata da igiyar kunyarta. Ta ce in je, Allah ya ba ni abin da nake nema, ita dai ta isar da saƙo.

Alhaji ya zo da mota, da turamen atamfa da goro da sukari. Ya durƙusa a bakin zaure har ƙasa, yana kiran mahaifiyata uwarmu, yana cewa ai shi ma yau ya samu uwa a Gobir. Ya koma, ya bar ma'aikaciyar a cikin gida mako guda da sikeli da littafi. Mahaifiyata ta yi komai a gabanta: dafuwar gurguzun, da kirɓawa, da tace toka, da rufewa, da buɗewa. Ni kuma ina tsaye a kansu kamar wani jami'in gwamnati, ina auna zafi, ina gyara wa matar abin da ta rubuta ba daidai ba. Ko sau ɗaya mahaifiyata ba ta ɗaga kai ba.

Da muka koma Kano sai gobe ta zama jibi. In na je masana'anta a ce Alhaji ya yi tafiya, in na je gida a ce yana hutawa. Bayan 'yan watanni na shiga wani kanti na ga daddawar a ledar Alhaji a jere, an buga ta da kyau, da lambarta, da zanen wata tsohuwa mai tsagar Gobirawa da irin ɗaurin kallabin mahaifiyata. Na same shi a majalisarsa cikin mutane. Bai ko ɓata rai ba. Ya yi dariya ya ce ɗana zauna ka sha ruwa, daddawa ai ba ta da mai ita, tun kaka da kakanni ake yin ta. Ya tambaye ni takardar da muka sa wa hannu. Da na ɗaga murya, sai ya juya ga mutanensa ya ce su shaida, shi bai haura katangar kowa ba, ɗan gida ne ya buɗe masa ƙofa, har ya riƙe masa fitila. Suka kwashe da dariya. Har yau idan na tuna fuskarsa sai in ji jinina ya hau, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba.

Da kaka ta yi, dillalansa suka sauka kasuwannin Isa da Sabon Birni suna kwashe gurguzu buhu-buhu, abin da mata suka saba samu tiya-tiya daga gefen gonakin gero. Ya yi wuyar samu. Sannan ledar ta iso har kasuwar da mahaifiyata ke aika tata, da araha, da zanen fuska irin tata. Masu saye suka ja baya. Sauran matan da ke sana'ar suka riƙa cewa a wurin biki da bakin rijiya ɗan wance ne ya sayar da su a birni. Da na zo Sallah na tarar babbar tukunyarta a kife a bayan rumbu, kaji na hawa. Na rufe shagona a shekarar. Mahaifiyata ta yi shekaru da dama bayan nan, ba ta sake ɗora tukunyar ba, ba ta ƙarasa koya wa ƙanwata ba, kuma ba ta taɓa aiko mini da kalmar zargi ko ɗaya ba.

Sai bayan ta rasu mun rufe ta, sannan Inna ta faɗa mini sauran. Ta ce ita da kanta ta ba ta shawara ta ɓoye wa baƙuwar abu ɗaya, ta canza tokar kawai, babu wanda zai gane sai kaya sun lalace musu a can. Mahaifiyata ta ƙi. Ta ce in abin ya ɓaci, yaron nan za a kira maƙaryaci a garin da ba shi da kowa.

Na daɗe ina tambayar kaina ko talauci ne ya sa ni, ko ƙuruciya. Ba ko ɗaya ba ne. Girman kai ne. Na ɗauka abin da ke hannunta ɗanyen kaya ne, sai na taɓa shi zai zama dukiya, alhali ita ce mai masana'antar, ni ɗan aike ne. Ina fushi da Alhajin, kuma ban yafe masa ba, amma shi ya yi abin da kura ta saba yi ne. Ni ne na san maganar gidanmu, na ji a'a, na yi kamar kurma.

Ku matasan da ke tafiya birni da sana'ar iyayenku mata a jaka, ku sani ba taku ba ce da za ku yi kyauta da ita. Kada ku kai kowa bakin murhu sai da takarda, kuma sunan mai murhun ya zo kafin naku. In uwa ta yi shiru, kada ku ce ta yarda. Ku nemi wanda take magana ta bakinsa, ku karɓi abin da ya kawo. Tukunyar tana gidana yanzu, a kife. Ɗiyata ta taɓa tambayata ta mece ce, na ce mata ta kakarta ce. Ta ce to wa ya kife ta.