Bada-kakar Baba Alhaji

Shekarar da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, gonar tudu da wani ɗan yanki na fadama suka faɗo a kasona, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Danja. Ina da mata da 'ya'ya biyu, da babur ɗin da nake acaba da shi in rani ya yi. Ruwa ya sauka, na shuka masara, ta fito fes, sai dai ko kwano guda na takin zamani ba ni da shi. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ta gaji. Masara ba taki, kara kawai za ka girbe.

Sai na hau babur na nufi Funtuwa wajen aminin mahaifina, wani attajirin hatsi mai sito a bakin kasuwa. Tun muna yara Baba Alhaji muke ce masa. Ranar jana'iza a sahun gaba ya tsaya, har hawaye ya yi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

"Haba ɗana, a kan wannan kake ta sunkuyar da kai?" in ji shi. "Ai ubanka bai mutu ba tunda ina raye. Ɗauki abin da zai ishe ka. Kowane buhun taki, buhu biyu na masara in kaka ta yi. Bada-kaka ke nan, kowa haka yake yi. Ba kuɗin ruwa ba ne, Allah ya kiyaye, ciniki ne."

Na yi ta zuba godiya har bakina ya bushe. Na ɗauro taki a bayan babur ina jin kamar an yi mini kyautar kujerar Makka.

Masara ta yi kyau a wannan shekara. Ranar da injin casa ya shigo gonata, ƙaiƙayi bai gama sauka daga iska ba sai ga a-kori-kurar Alhaji ta tsaya a bakin gona. Ban aika ba, ban san wa ya gaya musu ba. Ma'aikatansa suka diro da buhunansu na kansu, waɗanda suka fi na kasuwa baki da tsawo. Su zuba, su sa taɓarya su danna, su ƙara zubawa, sannan su kawo wani ƙyalle su ɗinke a bakin buhun kamar hula. Na ce, "Malam, wannan ai ya wuce buhu." Babbansu ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Awon Alhaji ke nan. In da magana ka same shi."

Wa zai je ya tsaya gaban aminin ubansa yana cinikin bakin buhu? Na bar su suka loda suka tafi. Abin da ya rage muka kai gida, bai kai mu faɗuwar ruwa ba ya ƙare. Na koma Funtuwa, wannan karon taki da abinci duka. Haka muka shiga zagaye, ni noma, shi ɗauka. A shekara ta uku tsutsa ta faɗa wa masara, ta cinye zuciyar kowane tushe, ban iya cika buhunansa ba. Ya tausaya mini sosai da baki, ya ce jarrabawa ce, Allah yana son masu haƙuri. Sannan ya ce abin da ya rage zai ninka zuwa kaka ta gaba, tunda shi ma dukiyarsa ce ta kwanta.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, farashi ya hau sama. Maiɗakina ta kife tukunya ta ce babu ko tiya guda a gidan. Na je sito. Mutane cike a kan benci, ana ta yi wa Alhaji barka da dawowa daga Umara. Ya sa aka fito mini da buhun masara ɗaya, a kan zan biya uku. Da aka jingine shi a jikin babur sai idona ya faɗa kan wani faci a gindinsa, an ɗinke da jan zare. Na san ɗinkin. Hannun matata ne. A kakar da ta wuce buhunsu ɗaya ya yage, suka ari namu guda, wanda ɓera ya huda ta lallaɓa ta toshe. Masarata ce, wadda na shuka, na nome, na karye da hannuna, aka ajiye ta 'yan watanni a ɗaki mai rufin kwano, yanzu ake ba ni ita rance ɗaya a kan uku.

Ina tsaye riƙe da igiya sai Alhaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, yana murmushi.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. In abin ya yi nauyi, ai ga 'yar fadamar nan da ubanka ya bar maka. Sai mu zauna mu yi magana, a rufe komai cikin mutunci."

Mutanen benci suka ce, "Allah ya saka wa Alhaji." Wallahi haka suka ce! Ni kuwa sai a lokacin na gane. Ashe duk shekarun nan ba masarata kaɗai yake aunawa ba. Fadamar da kakana ya haƙa wa rijiya, inda mahaifina ya koya mini dashen tumatir, ita yake lissafi tun ranar da yake share hawaye a maƙabarta.

Da na isa gida na sauke buhun a tsakar gida, na nuna mata facin. Ta daɗe tana kallonsa. Na ce, "Zan sayar da babur."

"To da me za mu ci da rani?"

"Ban sani ba. Amma in ban sayar da shi bana ba, baɗi fadama zan sayar."

Ta shiga ɗaki ta fito, ta ce in haɗa da tumakinta biyu. Ban roƙe ta ba, ban kuma yi ta maza na ƙi karɓa ba.

Na sayar, na ƙulle kuɗin, na kai wa Alhaji. Sai ya ture hannuna. Wai masara muka yi da shi ba kuɗi ba, in kuwa kuɗi nake so in biya, to a farashin yau ne, na tsakiyar damina. Da na yarda, kuɗin babur da na tumaki ko rabi ba za su kai ba. Na ce, "To Baba, masara za ka samu." Na kai kuɗin wajen ƙanin mahaifiyata a Malumfashi, na ce ko na zo ina kuka kada ya ba ni sai an yi girbi. Sau biyu na je, sau biyu ya kore ni, Allah ya yi masa albarka. Rama da tafasa da ɗan rogo muka ci har masara ta nuna.

Da kaka ta yi, kowa ya kwaso amfaninsa kasuwa, farashi ya faɗi warwas kamar yadda yake yi kowace shekara, faɗuwar da ke yi wa su Alhaji daɗi. Ni ma na shiga kasuwar Danja na sayi masara da arha, na haɗa da ta gonata. Ban jira motarsa ba. Na yi hayar tawa, na roƙi mai unguwarmu ya raka ni, muka sauke a ƙofar sito da rana tsaka. Na ce a auna da buhun kasuwa a gaban kowa. Alhaji ya fito yana gyara babbar riga.

"Wannan gaggawa fa? Wa ya matsa maka? Bar rabi mana, ka ci da iyalinka, baɗi ma rana ce."

"Na gode, Baba. A ƙirga."

Aka ƙirga, mai unguwa ya shaida babu sauran ƙwaya tsakaninmu. Alhaji ya ce yaran yanzu ba su san alheri ba. Na hau bayan motar da babu komai a cikinta muka koma.

Kada wani ya zaci daga nan daɗi ya fara. Shekara biyu muka sha wuya irin wadda ban taɓa sha ba. Da rani na zama mai kwasar juji, ina tura amalanke daga bayan gidajen mutane zuwa gona, na kuma bar wa wasu Fulani karan dawa suka kwana da shanunsu a tuduna. Na rage masara, na shuka waken suya da dawa, waɗanda ba sa kukan taki. Abin da na girbe na raba uku: na ci, na iri, da wanda ba a taɓawa sai hatsi ya yi tsada, in sayar in sayi takina da kuɗina. Ita kuma ta shiga adashi da ɗan abin da take samu a sayar da awara. Muka daina ankon biki, gudummawa sai abin da hannu ya kai. Wata sallah yarana da tsofaffin kaya suka je idi.

A nan na san mutane. Lokacin da nake hawa babur da bashi har wuya, ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Da na koma tsohon keken mahaifina ba a bina ko sisi, sai ga yayana har gida, wai ina zubar wa zuriya da mutunci, wai an ce na zama marowaci, na kuma yi wa aminin ubanmu rashin kunya. Na tambaye shi ko buhu nawa ake binsa a siton. Ya tashi ya tafi, bai ko yi sallama ba.

Yau ina da rumbu biyu da wani babur ɗin, fadama kuma tana hannuna. Amma har yanzu in na bi ta bakin kasuwa ranar faɗuwar ruwan farko, na ga manoma jere a kan bencin nan hula a hannu, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Ana wa'azi a kan tsawon wando da gajartar mayafi, ban taɓa jin an hau mumbari an ambaci bada-kaka ba, mai siton kuwa shi ya sayi lasifikar masallacin.

Maƙwabcina na gona, wanda shi ma ya ci bada-kakar Alhaji, bai samu fita ba. Gonarsa ta koma hannun Alhaji bara waccan. Daminar da ta wuce na gan shi a cikinta yana huɗa tare da 'yan ƙwadago, ana biyansa kuɗin yini. Na yi masa sannu da aiki, ya amsa bai ɗago ba.